Hukuncin Neman Sabon Katin Bashi Kafin a Sauke Nauyin Tsohon

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa wa bayinSa hanyoyin neman halal, Ya kuma tsoratar da su ga barin cin dukiyar juna ba bisa haƙƙi ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce wadda zamani ya zo da ita, amma tushenta tsoho ne ƙwarai a cikin littattafan fiƙihu. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da yake riƙe da katin bashi na wani banki, sa'an nan ya yi nufin neman wani sabo. Shin ya wajaba ya rufe na farko kafin ya nemi na biyu, ko kuwa ya halatta ya haɗa su duka a aljihunsa?

Domin abin ya fito fili, a ɗauki misalin wani ma'aikacin gwamnati mazaunin Ƙofar Sauri a birnin Katsina, unguwar da ta samo sunanta daga ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin, kamar yadda Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi suka ba unguwanninsu suna. A ƙaddara bankin da albashinsa yake shiga ya ba shi katin bashi, ya yi ta amfani da shi wajen kuɗin makarantar yara da magani da hidimar Salla, har Naira 200,000 ta taru a kansa. Sai ga wani banki ya aiko masa da saƙo a waya cewa zai ba shi kati wanda ya fi wancan yalwa. Ya tambayi wani abokinsa masanin aikin banki, aka ce masa kada ya kuskura ya rufe tsohon. Zuciyarsa ba ta natsu ba, sai ya tafi zauren malaminsa bayan sallar Magariba, ya ce: “Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin Shari'a a kan wannan?” Amsar wannan tambaya ce za a yi bayani a kanta, da yardar Allah.

Mene ne katin bashi?

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin kati da kati, domin hukuncin abu yana biyo bayan sanin haƙiƙaninsa ne. Katin da mafi yawan mutanen Katsina da sauran biranen Nijeriya suke riƙe da shi, wanda suke cirar kuɗi da shi a na'urar banki ko a wurin masu POS, katin ajiya ne. Mai shi kuɗinsa yake ɗiba, in asusu ya ƙare, katin ya tsaya. Wannan babu saɓani a kan halaccinsa, kuma ba shi ne abin magana a nan ba.

Katin bashi kuwa dabam yake. Banki ne yake yanka wa mutum wani adadi, ya ce masa ya yi sayayya ko ya ciri kuɗi har zuwa wannan iyaka, ko da ba shi da ko kwabo a asusunsa, daga baya ya biya. Asalin abin daga Amurka ne, inda katin Diners Club ya bayyana a 1950, sa'an nan Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda shi ne ya zama Visa a 1976. Yadda akasarinsu suke aiki shi ne, a ƙarshen wata ana aiko wa mutum da lissafin abin da ya kashe. In ya biya duka kafin ranar da aka yanka, ba a ɗora masa kome a kan sayayyarsa. In kuwa ya kasa, sai ya biya wani ɗan kaso kaɗan, ragowar a mirgina ta zuwa wata mai zuwa tare da kuɗin ruwa.

Mai karatu ya dubi lissafin nan a kan mutumin Ƙofar Sauri. A ƙaddara kuɗin ruwan kashi 3 cikin 100 ne kowane wata, shi kuma yana biyan Naira 10,000 duk ƙarshen wata ba fashi. A watan farko, Naira 6,000 ta tafi ga kuɗin ruwa, Naira 4,000 kaɗai ta taɓa uwar bashi. In ya daure a haka shekara guda cur, bai ƙara sayen ko allura da katin ba, zai tarar ya biya Naira 120,000, amma har yanzu ana binsa sama da Naira 143,000. Ga wannan mutum ne ake tallan kati na biyu.

Dalilin masana aikin banki

Shawarar da abokinsa ya ba shi ba ta rasa tushe ba, kuma adalci ne a faɗi dalilinta. A Amurka da ƙasashen da suka bi sawunta, kowane mai cin bashi yana da maki, wanda bankuna suke dubawa kafin su ba shi rance. Tsarin makin da ya fi shahara can, na kamfanin FICO, ya fito a 1989. Daga cikin abubuwan da yake aunawa akwai daɗewar mutum yana hulɗar bashi, da kuma yawan abin da ya ci in an gwada shi da iyakar da aka yanka masa. Misali, mai kati biyu, kowanne iyakarsa Naira 500,000, in ana binsa Naira 200,000, to, ya ci kashi 20 cikin 100 ke nan na abin da aka ba shi dama. Ranar da ya rufe ɗaya, bashin bai ƙaru da ko sisi ba, amma lissafinsa ya koma kashi 40 cikin 100, makinsa kuma yana iya faɗuwa. Wannan shi ne sirrin cewa da suke yi a bar tsohon kati a buɗe.

A Nijeriya ma an kafa irin wannan tsari na adana tarihin masu cin bashi. Akwai kamfanoni masu lasisin Babban Banki da suke wannan aiki, watau CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma an yi musu doka ta musamman a 2017. Lambar BVN, wadda aka soma a 2014, ta ɗaure dukkan asusun mutum wuri guda. Har ila yau, tun daga ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya ba da izni cewa bankin da yake bin mutum bashi, in wa'adi ya wuce, yana iya ɗibar haƙƙinsa daga asusun mutumin da ke wani banki, bisa amincewar da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen. Ashe ke nan wanda ya jefar da tsohon kati ya koma wani banki yana zaton ya tsere, bai je ko'ina ba.

Kuma lalle bin diddigin amanar mai cin bashi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A da, a kasuwar shanu ta Ibadan, wadda Hausawa suka daɗe suna riƙe da ita, mahauta kan ɗauki shanu bashi, mai gida shi ne yake tsaya wa baƙonsa bafatake, in mahauci bai biya ba nauyin ya koma kansa. Saboda haka mai gida da dillalansa sun san kowane mahauci, sun san wanda yake cika alkawari, sun san wanda ya ci bashi a wurare uku a mako guda. Abin da suke riƙewa a ka, shi ne yau kwamfuta take riƙewa. Musulunci bai ƙi wannan ba, domin kyakkyawan suna wajen biya abu ne da Shari'a take yabo. Amma fa Shari'a tana da tambayoyi biyu da suka gabaci zancen maki, ga su kamar haka: wane sharaɗi ne a cikin yarjejeniyar katin, kuma wane nauyi ne ya rigaya ya hau wuyan mai shi?

Tambaya ta farko: sharaɗin da ke cikin katin

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Zaidu ɗan Aslama, bayanin yadda ribar zamanin Jahiliyya take. Mutum yana bin wani bashi zuwa wani wa'adi, in wa'adi ya cika sai ya ba shi zaɓi, ko ya biya yanzu, ko a ƙara masa lokaci a kuma ƙara yawan kuɗin. Duk wanda ya dubi wannan sura, ya kuma dubi mirgina bashin kati daga wata zuwa wata, zai ga cewa abu guda ne, tufafi kawai aka sake masa. Wannan riba ce ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, suka haramta da kakkausan lafazi, ita ce kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya soke a Hajjin Bankwana a shekara ta 10 bayan Hijira, ya fara da ta baffansa Abbas. Kada wanda yake biya ya ɗauka laifin na banki ne shi kaɗai, domin hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu a cikin la'ana guda.

Malaman zamani sun zauna a kan wannan mas'ala. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda take ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta yanke hukunci a zamanta na 12 a birnin Riyad a shekarar 2000, a ƙuduri mai lamba 108. Taƙaitaccen abin da ta tsayar shi ne, bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar an sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa, ko da mai neman katin ya ƙudurta cewa zai riƙa biya a cikin kwanakin da ba a ɗora kome. In babu wannan sharaɗi, katin ya halatta, kuma banki yana iya karɓar tsayayyen lada na yin katin da sabunta shi, gwargwadon hidimar da ya yi. Cirar tsabar kuɗi da katin rance ne, don haka ladan cirar bai kamata ya riƙa hawa da yawan kuɗin ko tsawon lokacin ba. Majalisar ta kuma hana sayen zinariya da azurfa da kuɗin ƙasashe da irin wannan kati, domin su musayarsu hannu da hannu ce.

Gaskiya ne cewa wasu malamai sun yi rangwame ga wanda yake zaune a ƙasar da rayuwa take ƙuntata in babu katin, ba shi kuma da wani madadi, da sharaɗin ya tabbata zai biya kafin kuɗin ruwa ya hau. Amma rangwamen lalura ana auna shi ne gwargwadon lalurar. Mazaunin Katsina wanda katin ajiyarsa yake isar masa a kasuwa da asibiti da tashar mota, da wuya ya sami mafaka a ƙarƙashin wannan fatawa, balle a ce ya nemi kati na biyu da ita.

Tambaya ta biyu: nauyin da ke wuya

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shari'a ma ba ta haramta shi ba. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya ranci ɗan raƙumi, ya biya da wanda ya fi shi, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Sai dai duk da halaccinsa, babu wani haƙƙi na dukiya da aka tsananta a kansa kamar bashi. Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u cewa an kawo wata gawa, Annabi (S.A.W.) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari uku, bai kuwa bar abin biya ba. Sai ya umarci sahabbai su sallace shi su, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, sa'an nan ya yi masa salla. Daga baya, da Allah Ya yi buɗi, shi da kansa ya riƙa ɗauke wa matattun Musulmi irin wannan nauyi. Muslim kuma ya ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa kome in ban da bashi.

Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) yana yawaita neman tsari daga bashi a cikin sallarsa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa bashi yana jan mutum zuwa ga ƙarya a zance da saɓa alkawari. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci yana kashe wayarsa a ƙarshen wata, ko yana aika yaro ya ce wa mai sallama ba ya nan, ya ga fassarar wannan hadisi da idonsa.

Akwai kuma wani labari a Muwaɗɗa wanda ya dace da wannan zamani ƙwarai. Wani mutum ne daga ƙabilar Juhaina, ana kiransa Usaifi'u, yakan sayi raƙuma masu tsada da bashi, ya yi sauri ya riga alhazai isa, domin a riƙa faɗin sunansa. Ya yi ta haka har ya karye. Aka kai maganarsa ga Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), sai ya yi wa jama'a huɗuba, ya zarge shi da cin bashi ba tare da kula da biya ba don neman a yabe shi, ya umarci masu binsa su hallara da safe a raba musu abin da ya rage na dukiyarsa, sa'an nan ya gargaɗi mutane cewa bashi da baƙin ciki yake farawa, da tsiyacewa yake ƙarewa. Raƙuman Usaifi'u a yau su ne sabuwar waya, da kayan ɗakin da aka yi don idon dangin ango, da walimar da ta fi ƙarfin aljihu.

Daga irin waɗannan nassoshi ne malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Katsina tun zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, suka fitar da hukuncin wanda bashi ya kewaye dukiyarsa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa masu binsa suna da ikon hana shi yin kyauta da dukiyar, da hana shi tafiyar da wa'adin biya zai cika yana can. To, in Shari'a ta taƙaita hannun irin wannan mutum ga aikin alheri saboda haƙƙin masu binsa, yaya za ta sakar masa fuska ya je ya buɗe sabuwar ƙofar bashi? Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai taimake shi ya biya, wanda kuwa ya karɓa da niyyar salwantarwa Allah zai salwantar da shi. Niyyar biya kuwa ba a baki take ba kawai. Mutumin da ya san albashinsa bai ɗauki bashi ɗaya ba, sa'an nan ya sa hannu a na biyu, sai ya binciki niyyarsa da kyau.

Biyan bashi da bashi

Sau da yawa hujjar mai neman sabon kati ita ce zai ciri kuɗi daga cikinsa ya biya tsohon. Haka nan masu cin bashin manhajojin waya suke yi, su ranta a wannan su toshe wancan, har abin ya kai ga ana aika wa danginsu da abokan aikinsu saƙonnin tozarci, lamarin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idojin rajistar waɗannan kamfanoni a 2022. In sabon rancen ma na kuɗin ruwa ne, to, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mutum ya ƙulla haramtacciyar yarjejeniya ta biyu, kuma kuɗin ruwan da ya taru a kan na farko ya shige cikin uwar bashi na biyu, shi ma ya fara haihuwa.

Kada a rikita wannan da hawala, wadda Shari'a ta halatta. Hawala ita ce wanda ake bi bashi ya tura mai binsa zuwa ga wani mutum wanda shi kuma yake bi. Malikiyya sun sharɗanta cewa bashin da ake turawa ya zama wa'adinsa ya cika, kuma basussukan biyu su yi daidai a yawa da siffa, babu ƙari. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗaliban ilmi na ƙasar Hausa suka sani sarai, ta hana a warware bashi a mayar da shi wani bashin na daban mai jinkiri. Hikimar hanin ita ce toshe ƙofar da ƙari yake shigowa ta cikinta da sunan sabon ciniki.

Amma in mutum ya sami rance mai kyau, wanda babu ƙari a cikinsa, daga ɗan'uwa, ko daga ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata wadda ba ta ɗora ruwa, ko ya karɓi kwasar adashi da wuri, ya je ya kashe bashin riba da shi gaba ɗaya, wannan ya halatta, abin yabo ne ma, domin fita ce daga haram zuwa halal. Mawadata kuma su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana.

Hukuncin a taƙaice

Daga abin da ya gabata, mai tsohon kati ba ya wuce ɗayan hali uku.

Hali na farko, katin yana da sharaɗin kuɗin ruwa, kuma akwai bashi a kansa. Wannan shi ne halin mutumin Ƙofar Sauri. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tuba, ya daina amfani da katin tun daga yau, ya gaggauta biya iyakar ƙarfinsa, ko da zai sayar da abin da ba lalura ba ne a gare shi, sa'an nan ya rufe. Ya nemi banki ya yafe masa kuɗin ruwan ko ya rage. In sun ƙi, kuma doka ta tilasta shi, sai ya biya yana mai ƙin abin a zuciyarsa, domin jinkiri ƙara shi yake yi. Neman sabon kati irin wannan bai halatta gare shi ba, kafin rufewa ko bayanta.

Hali na biyu, katin yana da sharaɗin kuɗin ruwa, amma babu bashi a kansa. Bisa ƙudurin majalisar da aka ambata, shi ma rufewa ce ta wajaba, domin aibin yana cikin yarjejeniyar ne. In makinsa ya ragu saboda haka, ya yi haƙuri, domin ba a riƙe haramtaccen sharaɗi don a ƙawata suna a wurin masu ba da bashi. Tarihin biyan da ya yi a kan kari kuma ba ya gogewa a ranar da ya rufe.

Hali na uku, katin babu sharaɗin riba a cikinsa. A nan Shari'a ba ta wajabta rufe shi kafin neman wani ba, kuma babu laifi mutum ya yi la'akari da shawarar masana aikin banki. Sai dai da sharuɗɗa: ya kasance akwai bukata ta gaskiya, abin da yake samu ya isa ya ɗauki nauyin duka biyun bayan ciyar da iyali, kuma ya faɗa wa mai ba shi sabon katin gaskiyar abin da ake binsa. Ɓoye tsohon bashi a takardar neman sabo algus ne, ko da kwamfuta ba ta gano ba. In tsohon ba shi da wani amfani sai cin kuɗin sabuntawa duk shekara, barinsa ɓarnar dukiya ce.

Game da madadi kuwa, tun bayan da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa a 2011, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Irin waɗannan bankuna suna biyan bukatar mutane ta hanyar murabaha, watau su sayi kaya su sayar wa mutum da sananniyar ribar ciniki wadda ba ta ƙaruwa, ko ta hanyar ijara, watau haya. Duk da haka suna kaɗai ba ya halatta abu. Ko a ina ne, mutum ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ya tambayi abin da zai faru in ya yi jinkirin biya, in bai gane ba ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Yadda ake rufewa

Karya kati da almakashi ba shi ne rufe shi ba, rufe shi kuma ba shi ne sauke bashi ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Abin da aka ƙulla a rubuce kuwa, hankali ya nuna a kwance shi a rubuce. Saboda haka mai rufe kati ya je reshen bankin da ƙafarsa, ya nemi cikakken lissafin abin da ake binsa har zuwa ranar, ya soke duk wani biya da yake fita daga katin da kansa kowane wata, ya biya saura, ya rubuta takardar neman rufewa, sa'an nan ya karɓi takardar shaidar cewa ba a binsa kome, ya adana ta. Bayan 'yan watanni ya nemi rahotonsa daga ɗaya daga cikin kamfanonin adana tarihin bashi, ya tabbata an rubuta cewa ya biya. Ragowar 'yan kuɗi kaɗan da aka manta a kan kati tana iya girma a ɓoye, har ta zama abin kunya ranar da mutum bai zata ba.

Sa'an nan ya sanar da iyalinsa, ko ya rubuta a cikin wasiyyarsa, abin da ake binsa da inda takardun suke. Bashin da, na kanti ko na maƙwabci, unguwa ta san da shi, masu shi kuma sukan zo zaman makoki su faɗa. Bashin kati kuwa daga mai shi sai wayarsa. Alhali ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sun sanya rabon magada a bayan biyan bashi da zartar da wasiyya. In magada suka raba dukiya cikin rashin sani, sun ci abin da ba nasu ba, mamacin kuma yana can rataye da nauyinsa.

Magabata sun fahimci wannan sosai. Buhari ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwam (R.A.), wanda ya kira ɗansa Abdullahi a ranar yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36 bayan Hijira, ya gaya masa cewa babban abin da ya dame shi shi ne bashinsa. Asalin bashin kuwa amana ce, domin in mutane suka kawo masa ajiya, yakan ce a mayar da ita rance a kansa, don gudun kada ta salwanta su yi hasara. Da aka lissafa bayan rasuwarsa, sai aka sami 2,200,000 na kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya sayar da filin mahaifinsa na Gaba, kusa da Madina, ya biya kowa. Da magada suka nemi a raba musu saura, sai ya ƙi, har sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo ya karɓa. Bayan nan ne aka raba gado.

Wannan shi ne matsayin bashi a wurin mutanen da suka karɓi addini daga bakin Manzo (S.A.W.). Don haka amsar da ta dace da mai tambaya na Ƙofar Sauri ita ce, ya bar saƙon sabon banki ba amsa, ya tattara ƙarfinsa a kan Naira 200,000 da ke wuyansa, ya biya, ya rufe, ya karɓi takardarsa. In wata bukata ta taso bayan haka, ya neme ta ta hanyar da babu riba a cikinta, kuma daidai ruwa daidai tsaki.

Allah Ya biya wa Musulmi basussukansu, Ya wadata su da halal ɗinSa ga barin haram, Ya jiƙan magabata. Allah Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.